Buhun Ruɓaɓɓen Ganye a Rumfa Ta Ɗaya

Ranar da aka tsinci buhun, ko ƙarfe bakwai na safe ba ta yi ba gonar ƙungiya ta kaure da hayaniya. Rumfunan leda goma sha biyu ne a gonar, jere reras, kowace da mai ita, kowace cike da tumatir da aka ɗaure da igiya har sama. Sati biyu ke nan fumfuna ta faɗa musu, irin mai ruwan tokar nan da ke fara cin ganye, ta gangara kara, ta kama ɗan tumatir ta wuya ta mayar da shi ruwa. In ka taɓa ganyen sai ƙura ta tashi kamar an busa toka. An yi feshi, an sake feshi, abin sai ka ce taki ake zuba mata. Rumfa goma sha ɗaya sun kamu. Ɗaya tak ta tsira, ta can ƙarshen layi, rumfar Nas.

To, da ma ana ta neman wanda za a ɗora wa laifin, sai ga buhu. Shugaban ƙungiya da kansa ya tsince shi a cikin rumfarsa, rumfa ta ɗaya, a yashe tsakanin kunya biyu, bakinsa a buɗe, maƙil da ruɓaɓɓen ganye. Daga ƙofar kuma ga sawun dogon takalmin roba ɓaro-ɓaro a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya miƙe har ƙofar Nas.

Shekara talatin Nas ta yi a asibiti kafin ta ajiye aiki ta kama noman tumatir. A gaban idonta Nas ake ce mata, a bayan idonta kuwa Ƙi-Feshi. Dokar ƙungiya ce duk ranar Alhamis a feshe rumfuna duka da maganin da Shugaba ya zaɓa, ita kuwa shekara biyu ke nan duk Alhamis sai ta garƙame ƙofarta ta zauna a kan bokiti ta harɗe ƙafa. Aikinta shi ne ta bi tumatir ɗinta da reza tana yanke duk ganyen da ba ta yarda da shi ba, ta tara a buhu. Yau mutane suka ce ai ga inda take kai buhunan.

“Ƙarfe huɗu za mu zauna a gaban sito,” in ji Shugaba. “Doka a fili take. Wanda ya cuci gonar ɗan’uwansa, a karɓe mabuɗinsa. Amma don kada a ce na yi son kai, a kira mini ƙanena ya bi sawun nan kowa ya gani.”

Ƙanen nasa shi ne Mai-Sawu, uwa ɗaya uba ɗaya. Rayuwarsa duk a bin sawun ɓarayin dabbobi ta ƙare, har ’yan sanda kan aiko a ɗauke shi. Ba shi da rumfa, kuma ko a miya bai damu da tumatir ba. Mutum ne siriri, mara yawan magana, mai taurin kai kamar mutanen farko. Da ya iso ya ga yadda aka tattake wurin sai ya ja tsaki.

“Kai jama’a! Kun kira ni karatu, kun riga kun goge allon. Ku ja baya. Kai mai jar hula, ƙafarka tana kan abin da nake nema.”

* * *

A gonar nan kowa yana da dogon takalminsa da yake shiga rumfarsa da shi kaɗai, don kada a ɗauki cuta daga wannan rumfa zuwa waccan. In an tashi aiki sai a kife shi a kan turaku biyu a bakin ƙofa. Na Nas kowa ya san shi, don akwai facin taya a dunduniyar dama. Ga facin nan kuwa ya fito a ƙasa, ba musu.

Mai-Sawu ya bi sawun a duƙe, zuwa da dawowa, hannunsa a goye a baya. Takalmin na Nas ne, wannan gaskiya ne. Amma kan takalmin ne ke nutsewa a ƙasa, dunduniyar kuwa da ƙyar take taɓawa. Kuma tsakanin taku da taku akwai tazarar da gajeriyar mace kamar Nas sai ta yi tsalle kafin ta kai. Ƙafar da ke cikin takalmin nan ta fi ƙarfinsa, ba ta shiga duka ba, mai ita a ɗage ya yi tafiyar.

“Yaya dai? Ka gani ko?” in ji Shugaba.

“Na ga takalmi, Yaya.”

“To ai shi ke nan.”

“Takalmi ba ya tafiya shi kaɗai. Ka ce ƙarfe huɗu, ka bar ni zuwa ƙarfe huɗun.”

Shugaba ya dube shi wani iri, ya juya ya tafi.

* * *

Mai-Sawu ya sami Nas a cikin rumfarta, ta naɗe ledar gefe biyu iska na ratsawa, tana ta yankan ganye kamar ba da ita ake ba. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

“In mabuɗin aka aiko ka karɓa, ga shi nan a wuyana. Sai dai a haɗa da wuyan.”

“Ni ba ɗan aike ba ne, Nas. Ina kike da sassafe?”

“Ina gidana ina shafa wa gwiwata man zafi. Ba ni da shaida, kuma ba zan nemo ba. Shekara sittin da biyu a duniya, a ce na saci jiki na kai shara rumfar wani? Allah ya sawwaƙe.”

“Ina kike kai ganyen da kike yankewa?”

Ta nuna bayan rumfa da rezar. Rami ne mai zurfi, an rufe da ƙasa. Ya je ya tona da sandarsa, ya ɗauko ganye biyu ya juya su. Kore ne shar, an yanke gindinsu sumul, ba ɗigon komai a jikinsu. Ya jefa ɗaya a aljihu.

“Me ya sa ba kya feshi?” ya tambaya.

Nan fa ta ajiye rezar ta riƙe ƙugu. “Wa ya ce maka ba na feshi? Ina yi in ta kama, kuma ba na maimaita iri ɗaya sau biyu a jere. Abin da na ƙi shi ne wancan na ranar Alhamis. Malam, na ga wannan abin a asibiti da idona. Ka yi ta ɗura wa mara lafiya magani ɗaya, yau shi gobe shi. Raunanan ƙwayoyin cutar su mutu, masu taurin rai su saura, su hayayyafa. Wata rana sai ka wayi gari duk jikokin masu taurin ran ne a jikin mutum, maganin ya zama musu ruwan sha. Haka fumfunar nan take. Shekara bakwai suna tace ta duk sati, sun kashe ragwayen sun bar jarumai.”

“Kin faɗa musu?”

“Har bakina ya gaji! Malamin gona ma ya zo shekara biyu da suka wuce ya faɗa. Yayanka ya ce yaro ne, a takarda ya san tumatir, ya raka shi har bakin titi.” Ta ɗauki rezarta. “Rumfar nan ita ce abin da na mallaka. Da ita nake ci, da ita nake riƙe jikokina uku da uwarsu ta rasu ta bar mini. Amma wallahi ba zan durƙusa wa kowa a kan abin da ban yi ba.”

“Wa ke jin haushinki a gonar nan?”

Ta yi dariya. “Ka tambayi wanda ba ya ji, lissafin zai fi sauƙi.”

* * *

Mai babbar ƙafa da ke jin haushin Nas, ai ba sai an yi nisa ba. Tanki ake ce wa mai feshin ƙungiya, saboda tankin da yake goyawa da kuma girman jikinsa. Kowa ya san ranar da Nas ta wanke shi tas a gaban mutane don ta gan shi yana feshi ba abin rufe hanci. Mai-Sawu ya same shi a bayan sito yana wanke tankin, yana tari.

Da ganinsa Tanki ya miƙe zumbur. “Baba, na rantse ban taɓa sirka maganin nan da ruwa fiye da ƙa’ida ba! Na san abin da ake faɗa. Wai ina rage magani ina kaiwa wani wuri.”

“Ban tambaye ka ba tukuna. Miƙo ƙafarka.”

Tanki ya miƙo. Mai-Sawu ya dubi ƙafar, ya dubi mai ita, ya girgiza kai. Wannan ko yatsunta ba za su wuce bakin takalmin Nas ba, balle a yi tafiya.

“Allah ya yi halitta a nan. Ina kake da safe?”

“Asibiti, Baba. Na bi layi tun kafin a buɗe. Nas ce ma ta ce in je a duba ƙirjina, ta rubuta mini sunan ɗakin da zan nema.” Ya zaro kati ya nuna. “Bakinta ne ba daɗi, amma ba muguwa ba ce.”

“To me ya sa maganinka ba ya aiki?”

Tanki ya waiga hagu da dama, ya rage murya. “Ni ma abin ya ɗaure mini kai. Ragewa? Ai ƙarawa ma nake yi. Sati uku ke nan Shugaba ya ce a rumfarsa in riƙa zuba murfi uku maimakon ɗaya, kuma kada in faɗa wa kowa. Ganyensa har fari yake yi kamar an shafa alli. Amma kamar ina yi mata wanka.”

“Sati uku? Ai an ce sati biyu ke nan da cutar ta shigo.”

Tanki ya yi wiƙi-wiƙi da ido. “Ni dai abin da aka sa ni na yi, Baba.”

* * *

Saura mutum ɗaya da bakin mutane ya taɓa, mai kantin maganin gona da ke bakin titi. Wasu na cewa jabu take sayar musu. Mace ce mai gilashi a karan hanci, kuma ba ta jira ya gama tambayar ba ta hau shi.

“Jabu? A kantina? Je ka tambayi masu sababbin rumfuna na ƙetaren titi, maganin nan dai suka saya, rana biyu fumfunarsu ta bushe. Maganin lafiyarsa ƙalau. Fumfunarku ce ta yi karatu.”

“Amma Yaya ya ce yana canzawa. Na ji shi yana cewa iri uku suke juyawa.”

Ta sauko da kwalba uku ta dire a kan kanta, ja da koriya da wata mai hoton zaki. “Ga su. Bar kallon zakin, dubi ƙaramin rubutun nan na ƙasa. Ko ba ka iya karantawa ba, ai kai mai sawu ne. Duba mini ko sawu ɗaya ne.”

Ya kanne ido ya bi haruffan ɗaya bayan ɗaya. Iri ɗaya ne sak a kwalba ukun.

“Kamfani uku, riga uku, sinadari ɗaya,” in ji ta. “Sau nawa ina gaya wa yayanka ya haɗa da wani daban? Sai ya ce wannan ne ya cece su shekarar da suka fara, shi ba ya butulci. Watan jiya ya shigo nan fuska a murtuke, ya tambaye ni wai in fumfuna ta saba da magani, akwai yadda za a yi ta manta? Na ce babu. Ya fita ko sallama.”

Mai-Sawu ya tsaya a bakin kantin jim, rana na dukansa. Watan jiya. Ya kama hanyar gona.

* * *

Buhun yana nan inda aka bar shi a rumfa ta ɗaya. Tun safe kowa ke leƙa shi yana toshe hanci, amma ba wanda ya ɗauki ganye ɗaya ya kalla. Mai-Sawu ya zaro ɗaya, ya kai shi inda haske yake, ya ciro na aljihunsa ya haɗa su.

Na Nas kore ne wankakke. Na buhun kuwa fari fat da busasshen magani, ɗigo a kan ɗigo, har ya yi ɓawo. A kan farin nan kuma, a kan maganin kansa, fumfunar ta yi shimfiɗa ta zauna daram, ta yi gashi. Ya zazzage buhun ƙasa. Duk haka suke, kuma ba yankan reza ko ɗaya, fizge su aka yi da hannu. Ya ɗaga kai ya bi karan tumatir ɗin da ke gabansa da kallo. Ga tabon inda aka fizge ganye nan birjik, wasu sun bushe tun kwanaki. Ashe buhun bai zo daga ko’ina ba, a ɗakinsu yake.

Daga nan ya nufi ƙofar Nas. Da safe takalmi ya bi. Yanzu abin da yake nema shi ne inda mutumin ya tsaya ya cire nasa. Kusa da turakun akwai famfo mai ɗiga, ƙasar wurin kullum a jiƙe. Can ƙarƙashin bokitin da Nas ke zama a kai, da ya kawar da shi, sai ga sawun ƙafa ɗaya ba takalmi, ta wanda ya tsaya a kan ƙafa guda yana kokawa da ɗayar. Ƙafar hagu ce, babban yatsan ya hau kan na kusa da shi.

Bai auna ba, bai sake dubawa ba. Yana ɗan shekara shida mahaifinsu ya rasu, yayansa ya zama uwa da uba. Kullum yayan zai fita neman abin da za su ci ya ce masa ya zauna a gida, shi kuma sai ya bari ya yi nisa ya bi shi a baya, yana neman yatsan nan da fartanya ta taɓa sara a cikin sawun mutum ɗari. A kan ƙafar nan ya koyi sana’arsa. Mai-Sawu ya zauna a kan bokitin, ya rufe fuska da hannu biyu, ya yi kuka kamar ba shi ne mai furfura ba.

* * *

Saura rabin awa a zauna Mai-Sawu ya sami Shugaba shi kaɗai a cikin sito. Ya tura ƙofa ya rufe, ya ajiye ganye biyun a kan tebur.

“Yaya, ka faɗa da bakinka. Zai fi sauƙi a gare mu duka.”

Shugaba ya dubi ganyen. “Don wannan na kira ka?”

“Ka kira ni ne don ka san in na ce takalminta ne ba mai musu. Ka ɗauka a nan zan tsaya.”

“Ka san abin da za su yi mini?” Muryarsa ta dushe. “Ni na kafa dokar Alhamis. Ni na kori malamin gona. Mutum goma sun bi ni ido rufe, amfanin shekararsu ya narke. In suka ji a rumfata ta fara, na sani na ɓoye, da wane ido zan dube su? Ita mace ɗaya ce. In ƙura ta lafa zan san yadda zan yi da ita.”

“Da ita da jikokinta uku.”

“Ni na goya ka! Ni na hana cikina na ba ka!”

“Ban manta ba, Yaya, kuma har in mutu ba zan manta ba. Ka ce in ba ka idona ɗaya, yanzu zan ba ka. Amma ban taɓa yi wa ƙasa ƙarya ba, ba kuma zan fara yau ba. Ko ka faɗa, ko in faɗa.”

Shugaba ya miƙe ya gyara rigarsa. “Ba za ka iya ba,” ya ce, ya buɗe ƙofa ya fita.

* * *

An cika gaban sito. Masu rumfuna suna zaune a kan benci, Tanki na raɓe a gefe, mai kanti ma ta rufe kantinta ta zo, wai ta ji wanda zai sake cewa jabu. Nas ta ƙi zama. Tana tsaye a tsakiya, mabuɗi a wuya, ta sha toka.

“Ƙanena ya bi sawu,” in ji Shugaba, bai dubi inda yake ba. “Faɗa musu, takalmin wa ka gani?”

“Na Nas.”

Wuri ya ɗauki guna-guni. Mai jar hula har ya miƙe yana miƙa hannu a ba shi mabuɗi.

“Zauna, ban gama ba!” Mai-Sawu ya daka masa tsawa. Ya ɗaga ganye biyun sama. “Wannan daga ramin Nas na tono shi. Wannan daga buhu. Ku karɓa ku zagaya da su. Shekara biyu kuna kiran matar nan Ƙi-Feshi. To ku gaya mini, yaya aka yi ganyen Ƙi-Feshi ya sha maganin Alhamis har ya yi fari?”

Ganyen suka bi hannu-hannu.

“Ku duba da kyau, a kan maganin fumfunar take kwance. Ba wanda ya kawo muku cuta daga waje. Ba a sirka magani ba, ba a sayar muku da jabu ba. Shekara bakwai kuna ba ta abu ɗaya a kwalba uku har ta saba. Tanki, a wace rumfa kake zuba murfi uku?”

Tanki ya sunkuyar da kai, gumi na tsiyaya. “Ta ɗaya, Baba.”

“Tun yaushe?”

“Sati uku.”

Kawuna suka juya wajen Shugaba. Shi kuwa ya yi dariyar yaƙe. “To sai me? Ko ganyena ne, ai kowa zai iya shiga ya tsinka don ya ɓata ni. Wa ya sa takalmin? Abin da aka tambaye ka ke nan.”

Mai-Sawu ya dube shi, ya ba shi lokaci ko zai faɗa da bakinsa. Yana roƙonsa da ido. Shugaba ya kawar da kai.

“Wanda ya sa takalmin ya tsaya a bakin famfon Nas ya cire nasa. Sawun yana nan, na kife bokiti a kai, duk mai so ya je ya gani.” Ya numfasa. “Yaya, cire takalminka na hagu.”

Ba wanda ya motsa. Shugaba ya dubi ƙafarsa, ya dubi ƙanensa. Bai cire ba, kuma ba wanda ya sake cewa ya cire, don an riga an gane. Ya zaro mabuɗan sito daga aljihu ya ajiye a kan benci a hankali.

“Daga yau ba ni da ƙane,” ya ce.

“Ni ina da wa,” in ji Mai-Sawu.

Shugaba ya ratsa mutane ya nufi titi. Nan fa wuri ya ɓarke, masu zagi na yi, masu salati na yi. Mai jar hula, wanda ɗazu yake neman mabuɗin Nas, shi ne ya fi kowa ɗaga murya wai a karɓe rumfa ta ɗaya yanzu-yanzu.

“Kai, rufe mana baki!” in ji Nas. “Mabuɗi, mabuɗi, ba ku da aiki sai karɓar mabuɗi? Fumfuna tana can tana cin abincinku kuna nan kuna shari’a. Ku je ku naɗe ledojinku iska ta shiga. Duk ganyen da ya kamu a yanke shi, ba fizga ba, a binne. Gobe a nemo malamin gonar nan a ba shi haƙuri ya gaya muku abin da za ku fesa. Wanda ya yi sauri zai tsira da rabi.”

Ba wanda ya ba ta haƙuri, ita ma ba ta nema ba. Suka watse sumui-sumui, kowa ya nufi rumfarsa.

Mai-Sawu yana tsaye inda yake. Ga sawun yayansa nan a ƙasa, ya miƙe zuwa titi, ƙafar hagu na ɗan jan ƙasa kamar kullum. Shekara hamsin da wani abu, duk inda ya ga sawun nan bin sa yake yi. Har ya ɗaga ƙafa.

“Bar shi yau, ba zai saurare ka ba,” in ji Nas. Ta kwance bakin zanenta ta ciro sabuwar reza ta miƙa masa. “Rumfarsa ta fi ta kowa ciwo, kuma ba mai shiga. In aka bar ta zuwa jibi ba abin da zai saura.”

“Ban san komai a kan tumatir ba.”

“Ka san mai lafiya da mara lafiya in ka gani. Yanka dab da kara, kada ka bar kututture.”

Ya karɓi rezar. A bakin rumfa ta ɗaya dogon takalmin yayansa na nan a kife kan turaku. Ya cire nasa, ya zura ƙafa a ciki. Ya yi masa yawa, kamar yadda takalman Yaya suka saba yi masa tun yana yaro. Ya ja shi haka nan ya shiga, ya naɗe ledar gefe, ya kama ganyen farko.